Asalin Tokawa da Tsaunawa

Taubashina, ɗan ƙanwar babana, ya dawo Tamaske daga karatun ordinater, wato kwamfuta, da wani aiki a kansa: zai ƙera wasan salula na yaƙi, irin wanda kake zaɓen jinsi ka kafa gari ka kare shi. Ni kuwa ina koyar da tarihi a wata kwalej cikin Keita, saboda haka ya hau moto ya same ni. Ya ce jinsi huɗu ne a wasan, kuma kowanne sai da labarin asalinsa. Muka raba biyu-biyu. Ni na ɗauki mutanen ƙarƙashin tabki da Tsaunawa, masu jikin dutse da manyan rumbuna, waɗanda ya fi so don ya ce su ne danginsa na uba. Shi ya riƙe Ƴan Guguwa da wasu da ya kira Tokawa.

Na gama na tabki, na tsaya ina jan ƙafa a kan Tsaunawa. Shi bai jira ni ba. Ya saki na gwaji, yara suka yi ta tura wa juna daga salula zuwa salula, kafin sati biyu ya cika lakwal ɗinmu, makarantar da nake koyarwa.

A hannun wani ɗalibi na fara ganin Tokawa. Labarin ya ce wai wasu dogayen mahaya sun kwana a daji, da za su tashi suka tattara tokar wutarsu suka hura mata rai, don su samu masu ja musu ruwa a rijiya. Tokawa ba su da harshen kansu, ba su da sarki, makaminsu guga ne. Wannan duk da sauƙi. Da na ƙara girman hoton sai na ga gajerun tsaga uku a gefen idon hagu. Tsagar babana ce, tsagar gidanmu. Kowa a ƙauyenmu na wajen Garhanga ya san kakanninmu sun zauna ƙarƙashin makiyayan arewa, sun yi musu noma da jan ruwa. Kowa ya sani, kuma ba mai faɗa. Ga shi ɗan banzan nan ya zana shi da launi, ya sa masa kiɗa. Ko fuskar uwarsa bai duba ba, ita ma tsagar na nan.

Ranar wata Laraba ɗiyata, mai shekara goma sha biyu, ta shigo gida hijabinta fari fat da toka. Ƴan ajinsu sun taɓa ganin kakanta ya zo kasuwa, sun gane. Ba ta yi kuka ba, ta dai ce ba za ta koma lakwal ba, kuma ba ta koma ba. Na tsaya ina kallon uwarta tana kakkaɓe hijabin.

Na kira shi. Dariya ya yi har da tari, ya ce:

"Haba bawana, mi ya yi zahi? Wasan taubasai na. Ko ka zan wanda ba a wasa da shi?"

Nan ya ɗaure ni. A wajenmu taubashi ya zage ka a tsakiyar kasuwa, in ka yi fushi kai ne abin dariya. Tun muna yara yake ce mini bawansa, ni ma ina ce masa nawa, ba wanda ya taɓa jin ciwo. Amma wannan wasa a zaure ake yin sa, gaban waɗanda suka san jininmu ɗaya. Yaran Keita ba su san shi ba, ba su san uwarsa ba, hoto kawai suka gani. Na roƙe shi ya cire tsagar. Ya ce sai wasan ya kammala, yanzu ba shi da lokaci. Na ce to, madalla, ya saurari Tsaunawa jibi.

Akwai wani labari da na ji ina yaro, ranar da gwaggo, uwar taubashina, take gaya wa mahaifiyata a asirce. A wata shekarar yunwa, kakan taubashina na wajen uba yana da rumbu biyu cike da hatsi. Maƙwabta suka yi ta zuwa roƙo, har ƙanensa. Sai ya yaɓe bakin rumbunan da laka, ya sassare tsanin ya ƙone, ya rantse babu ko zangarniya. Ƙanen ya rasa ƴaƴa biyu kafin damina. A gidansu ba a ambaton wannan, kuma na tabbata taubashina bai taɓa ji ba.

Na zauna da kaye da bik, wato littafi da biro, na rubuta shi tsaf. Ban rage komai ba, rumbu biyu, laka, tsani, ƙane, yara biyu. Na ƙara abu ɗaya: wai da gari ya waye zuciyar mutumin ta zama dutse, daga nan jikinsa ya bi, kuma duk Tsaunawa daga gare shi suka fito, shi ya sa kibiya ba ta huda su. Ban taɓa rubuta abin da ya yi kyau kamarsa ba, kuma na ji daɗin kowane layi. Na karanta da muryata na tura masa.

Ya haɗiye shi ɗanye. Ya kira ni yana ta yabo, wai ashe bawan nasa yana da kai. Ya sa shi cikin wasan a ranar. Bayan sallar Juma'a ya kai wa babansa a zaure, gaban abokansa tsofaffi, don ya ga yadda aka ɗaukaka danginsu. An ce tsohon ya saurara har wajen tsanin, sannan ya miƙe ya shiga gida ba takalmi. Tsofaffin nan duk sun san labarin, ba wanda ya ɗaga kai.

Da la'asar taubashina ya kira, muryarsa ta canza. Ya tambaye ni ko gaskiya ne. Na ce ya tambayi babansa. Ya ce in taimake shi da wani labarin a maye gurbin wannan. Na ce zan duba in ya cire tsagar gidanmu, ya sake asalin Tokawa. Mutumin da ba shi da lokaci ya gama cikin kwana biyu. Tokawa suka zama maƙeran da suka fito daga wutar tsawa, fuska sumul. Ɗiyata ta koma lakwal ranar Litinin, ni na kai ta har bakin aji.

Abin da ban lissafa ba shi ne tsohon ya san bakin mutum ɗaya ne kawai zai iya fitar da wannan magana zuwa gidanmu. Da na je ƙauye ƙarshen wata na tarar da gwaggo a ɗakin mahaifiyata, da ƙullin kayanta a gefe. Mace mai jikoki, mijinta ya ce ta je gida ta huta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta daɗe tana tsince wake kafin ta ce:

"Ran da na hwaɗa ma uwarka, ba ni da kowa a gidan can, kuka nike. Ban san akwai mai saurare ba."

Na buɗe baki in ce mata ɗanta ne ya fara, in gaya mata abin da aka yi wa ɗiyata, jikarta. Ta ce ta ji, kuma da ita na kawo wa ƙara, da ta sa ya goge a yini ɗaya. Wannan bai zo mini a rai ba ko sau ɗaya, don ba gyara nake nema ba, so nake ya ji abin da na ji. Ya ji kuwa, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na yi nadamar wannan ba.

An yi girbi an gama, gwaggo tana nan gidan babana. Ba a zo bikonta ba.