Ranar da na ƙona madarar Sitti

Ko me zan manta a aikin girki, ban da ranar da na ƙona madara aka sa mini albarka. Ke Balaraba, ajiye tiren nan ki zo ki zauna, tunda ke ce kullum da tambayar me ya sa nake yin shiru in ana dafa madarar biskit.

Kafin korona ne, tun ban buɗe wannan ɗan kicin namu na unguwar Safa a nan Jidda ba. Ina aiki gidan wani likita, Dakta Khalid, ni ce ƙaramar kuku. A irin waɗannan gidaje babbar kuku ke da abincin maigida da baƙi, ƙarama kuma nata na yara ne da marasa lafiya, sai wanke-wanke. Mara lafiyar gidan mahaifiyar Dakta ce, Sitti muke ce mata. 'Yar Ajantina ce, can Kudancin Amurka. Tana budurwa ta musulunta ta auri wani ɗan kasuwar Jidda ta biyo shi, tun da iyayenta suka rasu kuma ba ta sake leƙa ƙasarsu ba.

Tsufa ya kwantar da ita, sai kuma ta daina cin abinci. A kai miya ta kau da kai, a kai shinkafa ta rufe ido. Wata safiya Dakta ya same ni a kicin ya kira sunana ya ce, "Ya Rabi, in Juma'a ta zo ba ta ci ba, halas, shi ke nan, robar abinci za a sa mata ta hanci." Alhali tun tana da ƙarfinta ta roƙe shi kada ya bari a yi mata haka. Babban mutum da furfura, yana faɗa kamar zai yi kuka.

Na shiga na durƙusa gefen gadonta na ce, "Sitti, don Allah me ranki yake so?" Ta dubi silin ta ce, "Alfahor." Ban taɓa jin sunan ba. Da Larabcinta mai karkata ta kwatanta mini: biskit biyu masu laushi, a manne su da madarar da aka dafa da sukari har ta yi ja ta yi kauri, a mirgina gefen cikin kwakwa. Na ce a raina, ikon Allah, ai alawar madara ce da ba a bari ta daskare ba!

Da alawar madara kakata Iya Hansai ta raine mu a unguwar Nuzla. Daga ƙasar Kano ta taso aikin Hajji, ba ta koma ba har ta rasu. Ni nan aka haife ni, ban taɓa ganin Najeriya ba. Kullum in ta sauke tukunya sai ta lasa ta ce, "Kayya, ba ta kai ta gida ba." Mu kuwa haushi muke ji, mu ce tsohuwar nan ba a iya mata.

Na kwaɓa sitacin masara da fulawa kaɗan da bota da gwaiduwar ƙwai, na yanka da bakin kofin shayi na gasa, ban bari sun yi ja ba. Madarar kuwa wuta kaɗan-kaɗan, hannu ba ya barin ludayi har kafaɗa ta ƙage. Sitti ta gatsa ta tauna ta ce, "Ba shi ba ne." Rabinsa kawai ta ci ta ture sauran. Washegari na rage sukari, ba shi ba ne. Na ƙara bota, ba shi ba ne. Dakta ya sayo na kwali ɗan ƙasar waje, ko sunsunawa ba ta yi ba. Rabin biskit kuwa ba ya riƙe rai.

Ran Alhamis ina tsaye kan tukunya, ƙamshin ya ɗauke ni ya kai ni ɗakinmu na Nuzla. Ga Iya a kan kujera 'yar tsuguno, ga zufa a goshinta, tana ba mu labarin wani rafi da ban san shi ba. Kewarta ta kama ni. Ban san hannuna ya tsaya ba sai da babbar kuku ta daka mini tsawa, "Rabi, ƙauri!" Gindin tukunya ya kama. Kun san doka, madarar da ta kama zubarwa ake yi. To amma sabuwa sai ta ci rabin yini, ga nas za ta zo da la'asar ta duba ko an ci wani abu. Na yi bismillah na kwashe ta sama na shafa, na kai ina jin kunya.

Sitti ba ta gatsa ba tukuna. Hanci ta fara kaiwa. Ta cinye ɗaya tas, ta miƙo hannu. A na uku hawaye ya gangaro har kunnenta. Ta ce, "Ya binti, 'yata, wa ya gaya miki? A gona muke, da itace Mama take dafawa, ga yara rututu. Ta ɗora tukunya wannan ya yi kuka, wancan ya faɗi. Tukunyarta ba ta taɓa sauka ba ta kama ba." Sannan ta ce a kawo mata shayi da madara. Dakta na bakin ƙofa, ya juya baya yana goge gilashinsa.

Ba a sa robar ba. Ta koma shan miya kaɗan-kaɗan, ta kai har bayan Babbar Sallah, a kan gadonta ta cika. Kullum ina ƙona mata madara, wani lokacin ta yi dariya ta ce, "Yau da gangan kika yi."

Shi ya sa nake gaya muku, in baƙo ya ce abincinku bai kai na gida ba, kada ku ɓata rai, kada ku ƙara sukari. Ku tambaye shi wa yake dafa masa, a kan wace wuta. Ni ban taɓa tambayar Iya ba, shekara da shekaru tana juya alawa a kan gas tana cewa kayya. Da tana raye, wallahi ko a Khumra ne, can bayan gari, sai na nemo itace na ƙona mata tukunya guda.