Farantin Surukina a Kan Hasumiyar Baba

Tun da ciwon suga ya cinye wa Baba ƙafa, rediyon oba-oba ne kaɗai fitarsa. Yana zaune a zaurenmu na Nukkai, yana hira da mutanen ƙasashen da bai taɓa takawa ba. Eriyar tana kan hasumiyar ƙarfe a tsakar gida, wadda ya kafa da hannunsa tun yana da lafiya.

Kafin ya ɗora ko waya ɗaya a kanta sai ya yi lissafin iska. Yakan zana mini a ƙasa da sandarsa: faɗin abin da iska za ta daka, da ƙarfin guguwar farkon damina, da tsawon ƙarfen. Ya ce duk abin da ya fi nisa da ƙasa shi ya fi wahalar da gindin. Hasumiyar ta ɗauki iyakarta, ko tsumma ba ya bari a shanya mata.

Sai na auri ɗan maƙwabcinmu. Ba a jima ba surukina ya shigo da ƙaton farantin satilayit.

"Malam, wannan ƙarfe naka ya yi dogo. A sa mana a sama, mu ma mu kama tasha."

Ina tsaye da kwanon ruwa na ga Baba ya dubi farantin, ya dubi sama. Na san ya riga ya gama lissafin. Amma a gidanmu ba a ce wa suruki a'a, balle 'yarka na sabuwar amarya a gidansa.

"Bismilla, Alhaji. Ai taka ce."

Aka ɗora farantin a can ƙololuwa. Har yau abin yana ci mini rai.

Hadari ya haɗo daga gabas wata la'asar. Iska ta cika farantin kamar an buɗe lema, ƙarfen ya yi ta kuka, sannan ya karye daga gindi ya rufta kan zauren. An jawo Baba da rai, amma rediyon ya yi raga-raga, kuma Baba ba shi da ƙafar hawa ya kafa wata hasumiyar.

Da surukina ya zo jaje, bayan gaisuwa sai ya tambayi farantinsa. Farantin kuwa ya lanƙwashe kamar tsohon kwano. Baba yana kwance, kansa a naɗe, ya ɗago da ƙyar ya ba shi haƙuri.