Tsutsar Kawu

Ba a san zurfin ilimin mutum ba sai ranar da haƙorinsa ya yi ciwo. Nawa ya tashi ne kafin a sami mulkin kai, ina malamin makaranta a Kaduna, ina zaune gidan kawuna a Unguwar Kanawa. Haƙorin na gaba ne, na sama, kuma na san in ya fita, 'yan ajina za su raɗa mini suna har kabari.

Kawu, mai sayar da goro, ya leƙa bakina ya yanke hukunci: “Tsutsa ce.”

“Kawu, babu tsutsa a haƙori. Jijiya ce ta ruɓe.”

“To, Malam mai littafi. Mu je in ga jijiyar.”

Haka ya biyo ni wurin likitan haƙori, wani Bature mai ƙarancin magana. Likita ya ce ba sai an cire ba: zai huda haƙorin, ya zare jijiyar, ya wanke ramin, ya cike. Yadda ya faɗa, sai ka ce gyaran keke.

Allura ta kashe mini leɓe, har na ji kamar na aro na wani. Sai inji ya fara kuka cikin ƙwaƙwalwata. Abin haushi, sai da likita ya cika mini baki da auduga sannan ya tambaye ni ko da zafi. Daga nan ya zura wani ɗan tsinken ƙarfe, ya murɗa, ya zaro abu siriri, ja-ja, yana reto.

Kawu ya miƙe tsaye. “Allahu Akbar! Ga ta nan!”

Amsa ina da ita, cikakkiya, har da hujjoji. Bakin ne babu. Miyau kawai na zubar a rigata.

Aikin bai ƙare ranar ba. Na yi ta komawa mako bayan mako, ana canza auduga mai warin kanumfari, ana ce mini kada in tauna da wajen. Kafin a cike ramin, kasuwa duk ta ji cewa Bature ya gaskata Kawu. Har tsutsar ta yi girma a bakin mutane, wani ma ya ce ya ji tana da kai. Na jure, tunda dai haƙorina na nan daram, kuma shi ne hujjar da ta rage mini.

A babbar sallar shekarar haƙorin ya dare a kan ƙashin rago, wanzami ya cire shi.