Agogon Mai Guga

Shekara talatin da huɗu yana tsaye a gaban tebur ɗaya, a shago ɗaya, tsakanin tela da mai gyaran rediyo, har mutanen layin suka manta sunansa na gaskiya suka koma kiransa Sitaci. Bai taɓa jin haushi ba. Cewa yake sunan ya dace, don shi ma ba ya lanƙwasuwa.

Guga ce sana'arsa, kuma ya iya ta. Wando in ya fito daga hannunsa, karinsa sai ya yanka maka yatsa. Ya fara da dutsen gawayi, ya koma na lantarki, ya zo ya sayi mai tururi, amma har yau da bayan hannu yake gwada zafi. Da wannan teburin ya aurar da ƙanne biyu, ya rufa ɗaki uku, ya kai 'yarsa ta fari jami'a har ta fito tana gina gadoji. Tun ranar da ta kawo takardar shaidarta gida bai sake kiranta da wani suna ba sai Injiniya.

Kowane mai sana'a da abin da ya tsana. Sitaci bai tsani maiƙo ba, bai tsani tawada ba, ya san maganinsu. Abin da ya tsana shi ne ƙaton agogo. Ka miƙa masa riga, kafin ya dubi fuskarka ya juya bakin hannunta. In na hagu ya fi na dama cinyewa, sai ya girgiza kai.

“Ranka ya daɗe, agogon nan naka da haƙora aka sayar maka da shi?”

Manyan mutane da yawa sun sha wannan tambayar. Shi kansa bai taɓa ɗaura agogo ba. Inuwar rumfar tela ce ke gaya masa rana ta yi tsaka.

Da kafaɗarsa ta dama ta fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa, Injiniya ta kai shi asibiti. Likita ya ce a rage aiki. Ita kuwa a kunnenta “a daina” ta ji. Ta shirya komai ba tare da ta tambaye shi ba: ƙarshen wata a rufe shago, a ba ta makulli, shi kuma ya koma falo, ga kujera mai laushi, ga talabijin. Don kada abin ya yi masa ɗaci, ta ce za ta saya masa agogo na gani na faɗa, kyautar ajiye aiki. Ta ma riga ta zaɓi guda biyu, nasa kawai ya nuna ɗaya.

Tela ya leƙo ta taga ranar da za su tafi kantin agogo.

“Sitaci, yau za a kai ka a ɗaura maka ankwa ta zinariya ke nan?”

“Kai dai ka ji da wandon mutane da ka yi wa ƙafa ɗaya doguwa. In na tafi, ban san wa zai riƙa rufa maka asiri da guga ba.”

Ya faɗa yana dariya, amma makullin shagon na cikin aljihunsa, kuma tun daga gida hannunsa bai bar kan makullin ba.

Kantin agogon irin wanda ake danna maka ƙofa daga ciki ne. Sanyi kamar cikin firji, ƙasa tana sheƙi, ba ka jin komai sai takun takalminka. Manajan, wani mai furfura a gefen kunne, ya sa farar safar hannu ya fito da agogo biyu a kan baƙin ƙyalle. Sitaci ya gaishe shi, ya dubi kwalarsa, ya ga an ƙona ta kaɗan a gefe, ya kau da kai don ba shi aka tambaya ba.

Na farko siriri ne, fari, da madaurin fata. In ka kwantar da shi kamar kwabo. Na biyu kuwa ƙato ne mai sarƙar ƙarfe, fuskarsa shuɗiya, gefensa da tsaga-tsaga.

Sitaci ko taɓa na biyun bai yi ba. Ya ɗauki siririn ya zura shi ƙarƙashin hannun rigarsa, ya ja ya saki, ya ja ya saki. Ya wuce sumul.

“Wannan ɗan mutunci ne,” in ji shi. “Wancan kuwa, ba shi wata uku, ya cinye riga shida.”

Injiniya ta yi murmushi. “Na san shi za ka ɗauka, Baba. Ɗayan don dai a ce ka zaɓa ne.”

Manaja ya gyara murya ya fara bayani, don aikinsa ke nan. Siririn da batir yake aiki, ko ka jefa shi a aljihun tebur ka manta, shekara uku yana tafiya. Ƙaton kuwa ba ya cin batir ko kaɗan. Akwai wani ɗan ƙarfe a cikinsa mai juyawa, motsin hannun mai shi ne ke ba shi rai. In aka ajiye shi kwana biyu ba motsi, sai ya tsaya.

Sitaci ya ajiye siririn a hankali.

“Maimaita, ranka ya daɗe. In hannu ya zauna?”

“Sai ya tsaya, Baba.”

“Miƙo shi nan.”

Ya ɗaura shi a hannun dama, ya ji nauyinsa, ya ji gefensa ya kama zaren rigarsa. Sannan ya shiga kai hannu yana dawo da shi a kan gilashin kantin, kamar mai goge zanen gado. Ya kara a kunne.

“Kin ji? Ya farka. Wannan nake so.”

“Baba, wannan fa shi ne mai haƙoran.”

“Na canza ra'ayi. Mutum ba ya canza ra'ayi? Sai dai fa kin ji abin da masani ya ce. Abu mai tsada irin wannan ba za a bar shi ya mutu a falo ba. Dole hannu ya riƙa aiki. Ni ba don kaina nake faɗa ba, dukiyarki nake tausayi.”

Manaja, bawan Allah, bai san wainar da ake toyawa ba. Ya ce ai wannan ba matsala ba ce, suna da wani ɗan akwati mai lantarki, in ka sa agogon a ciki shi zai riƙa juya shi dare da rana. Kuma ma ko yawo a tsakar gida ya ishe shi.

Sitaci ya yi masa kallon da yake yi wa rigar da aka kawo da jirwayen bilic.

“Malam, wa ya tambaye ka? Mutumin da aka ƙona wa kwala bai sani ba, shi ne zai koya mini motsin hannu?”

Manaja ya kai hannu wuyansa. Injiniya ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Da ta gama dariyar ta share ido ta zauna kusa da shi.

“Baba, ba agogo kake zaɓa ba. Faɗa mini kawai.”

Dabara ta ƙare, sai ya faɗa. Ya ce kafaɗar tana ciwo, bai musa ba. Amma a shago in ya buɗe baki mutum biyar ke amsawa, a falo kuwa sai talabijin, shi ma ba ya jira ka gama magana. Ya ce ya ga mai rediyo da 'ya'yansa suka zaunar, wata takwas ya fara tambayar mutane yau wace rana. Ya fito da makullin ya ɗora a kan gilashi, amma yatsansa na kai.

Injiniya ta daɗe tana kallon yatsan.

“Awa uku,” ta ce. “Da safe kawai.”

“Uku? Dutsen bai gama zafi ba ke nan. Bakwai.”

“Huɗu. Ba labule, ba bargo, ba zanen gado.”

“Biyar, kuma na bar miki bargo da labule. Zanen gado ai hutu ne.”

“Biyar. Ƙarfe ɗaya ka rufe. Zan riƙa kira ina tambayar ka lokaci, tunda yanzu kana da agogo.”

Ya mayar da makullin aljihu kafin ta sake tunani. A bakin ƙofa ya juyo ya ce wa Manaja ya aiko da rigar, zai ga abin da za a iya yi wa kwalar.

Yau shekara biyu ke nan. Shagon na nan, ƙaton agogon ma na nan, sai dai bai taɓa ganin guga ba. Sitaci ya ce tururi zai shiga cikinsa, kuma ba zai tsaya yana kallo ƙarfe na cin rigarsa ba. Da ya iso da safe sai ya kwance shi, ya naɗe a farin hankici, ya sa a aljihun tebur. Agogon kuwa, da yake ba ya samun motsin kirki, yakan yi tafiyarsa ya gaji ya tsaya inda ya ga dama.

Ƙarfe ɗaya daidai waya za ta yi ƙara.

“Baba, ƙarfe nawa?”

Sai ya jawo aljihun tebur, ya buɗe hankici, ya duba da gaske.

“Sha ɗaya da kwata, Injiniya.”

“Baba!”

“Ni na ƙera shi? Ke kika saya.”

Daga taga tela zai ɗaga murya: “Ƙarya yake, 'yata, jiya ma sha ɗaya da kwata ne!”

Sitaci zai toshe wayar da tafin hannu, ya ce wa tela ya ji da wandonsa, sannan ya ce mata saura riga biyu.