Shekarar da Aka Cike Kududdufinmu

A garinmu, can wajen Ɗambatta, gona na jikin gona, gida na jikin gida. In ka yi atishawa, maƙwabci ne zai amsa maka ta bayan katanga. A tsakiyar gari kuwa akwai kududdufi. Nan kakanninmu suka haƙi ƙasar gini, ramin da ya rage ya zama masaukin ruwan damina. Duk wani indararo da magudanar gida can suke kai gaisuwa.

To, a shekarun nan na tsanani, da tuwo ya koma sau ɗaya a yini, wani taubashina ya dawo daga Birni da tumbi da sabon tunani. Wai kududdufi ƙauyanci ne, gidan sauro ne. Mai unguwa ya ba shi wurin, shi kuma ya sa aka yi ta jibga shara da ɓaraguzai har ya cike, ya dasa shaguna na bulo da kwano.

Ni kuwa rumbuna yana daf da wurin, kuma geron da ke ciki shi ne iyakar abin da zai kai iyalina kaka. Na sami taubashin nawa yana tsaye kan magina.

Na ce, "Alhaji, ni dai a aji uku na yi sallama da boko, amma ban ji inda aka ce ruwa yana hawa tudu ba. In ka hana shi gidansa, gidan wa zai kwana?"

Ya ce, "Kai dai tsoho, kishin kwaɗi kake yi. Ci gaba ne ya zo."

Ci gaban ya iso ranar wata Laraba da hantsi, a tsakiyar damina. Ruwa ya gangaro yadda ya saba, ya tarar an kulle masa ƙofa da siminti, sai ya juyo gidana ko sallama babu. Muna kwarfa da ƙwarya yana shigowa. Kafin azahar gindin rumbu ya jiƙe, ya durƙusa kamar raƙumi. Geron da muka tsamo, cikin 'yan kwanaki ya fara tsiro a kan tabarma. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Abincin mutum ya tafi saboda shagon sayar da omo!

Taubashina ya zo jaje, ya ce zai ba ni bulo in sake gini.

Na ce, "Da miyar kuka ake cin bulon ko da kuɓewa?"

Da magariba na tasa iyalina gaba, kowa da akushinsa, muka zauna a zaurensa. Ya leƙo ya ce, "Lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau. Ruwa ka turo mana, mu kuma yunwa muka kawo maka."

Haka muka yi ta yi kullum, yana tsaki ana zubo tuwo, har aka yanke sabon gero.