Taku Goman Ngodup Tela

Ngodup tela maƙwabcina ne a unguwar Boudha, inda muke zaman gudun hijira. Shagonsa na jikin rumfar shayina, dukanmu muna fuskantar farar hasumiyar ibada da ake zagayawa. Yana ɗan shekara sha tara ya ƙetaro duwatsu da ƙafa, ya bar yatsu biyu a ƙanƙara, ya bar yayarsa Yangzom a garin Shigatse, can ƙasarmu ta asali. Bai yi aure ba, bai tara komai ba sai allurai da taurin kai. Shekara talatin, duk ranar haihuwar Babban Malaminmu, shi ke riƙe hotonsa a gaban jerin gwano.

Sau biyar yana neman takardar zuwa ganin Yangzom, sau biyar ana ba shi haƙuri. Bana aka aiko cewa ciwo ya yi mata tsanani. Wani ɗan gayu a ofishin takardun ya raɗa masa cewa in ba a gan shi a bikin bana ba, za a duba lamarinsa.

Dama bikin ya riga ya zama abin dariya. Wai manyan baƙi za su zo daga ƙasar arewa, wadda muka gudo wa, sa hannu kan kwangilar hanya, sai aka ce hoto ba zai fito ba. Hoto fa. Ƙasashe biyu da sojojinsu da jiragensu, amma tsoho mai murmushi a cikin gilashi ya hana su sakat. Shugaban kwamitinmu, Wangdue mai darduma, jarumin bayan ƙofa, ya amsa jiki na rawa. Aka shirya a zaga da kujerar Babban Malam ba kowa a kai, sai fararen gyale.

Ranar bikin na ce wa Ngodup, "Kawu, yau ka kulle kanka. Shayinka har ciki zan kawo maka." Ya ce to.

Ina tsakiyar hidima ashe man fitilar ibadarsa ya ƙare. Mai man na nan gaba, taku goma. Ya je ya saya lafiya lau. Dawowar ce matsala, don mu ba ma juya wa hasumiya hagu, ko a hanyar kasuwa dole tana damanka. Taku goma baya, yana gida. Na hango shi ya tsaya, na ɗaga masa ludayi ina cewa ya juyo, yau ɗaya ba za ta kashe shi ba. Ya dube ni kamar na ce ya ci kare. Ya nufi gaba zai zagayo, jerin gwano ya fito daga lungu ya haɗiye shi, mutane kuwa da suka saba ganinsa a gaba suka buɗa masa hanya har gindin kujera.

Ranar na ji haushinsa har na kasa cin abinci.

Bayan mako biyu aka kira shi ofis, na raka shi. Ɗan gayun nan ya turo masa hoto a kan tebur: Ngodup gaban kujera, kwalbar mai a hannu. Ya ce masa kada ya sake wahalar da kansa da cike takarda. Ngodup ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya tambaya ko can za a aika da shi. Aka ce tuni ma an aika.

Ya ce, "To ɗana, in ba damuwa, a nuna wa yayata. Rabonta da fuskata tun ba ni da gemu."