Jan Kwaɗo a Kan Florica

Shekara da shekaru ni da Nea Ilarie, wato Kawu Ilarie, da hannu muke hira. Shi yana can sama cikin ɗakin gilashin ƙugiya, injin nan mai ɗaga kaya, ni ina ƙasa a kan dandamalin haƙar mai a tsakiyar teku, ina nuna masa ya ɗaga, ya sauke, ya juya, ya tsaya. Rediyo kam akwai ta, amma ya tsane ta. Cewa yake duk direban da sai an yi masa surutu kafin ya ɗauko kaya daga jirgin da igiyar ruwa ke jijjigawa, to ya koma ƙauye ya sayar da kankana. In aikin ranar ya ƙare sai in haɗa hannuwana biyu a ƙirji, alamar an tashi, shi kuma ya danna oda sau biyu. Babu dokar da ta ce a danna oda, shi ya ƙirƙiro abinsa, har ta kai mai girkinmu ba ya zuba miya sai ya ji ta.

Ƙugiyar sunanta Florica. Shi ya raɗa mata, sunan wata saniyar uwarsa mai taurin kai, wadda ba ta ba da nono sai an lallaɓa ta. Ƙugiyar tsohuwa ce tun zamanin da ake layin burodi, gishirin teku ya ci fentinta ya sake ci, kuma in ta juya da kaya wajen gabas akwai wani nishi da take yi daga gindi. Kowa ya san nishin nan. Nea Ilarie yakan sassauta hannu daidai wurin, ya wuce da ita a hankali, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ni Nejdet, da ya fi son ya kira ni da sunan ƙabilarmu, Batatare, na sha yi masa tsiya cewa matarsa Tanti Smaranda ba ta taɓa jin kalaman da ƙarfen nan ke ji ba. Yakan ce ai Smaranda ba ta nishi, ihu take.

Abin da har yau yake ba ni haushi shi ne ba teku ce ta raba shi da aikin ba. Yana hutu a gida a Navodari, wani maƙwabci ya roƙe shi ya yanka masa ƙarfen ƙofa, shi kuma gwanin da ba ya sa gilashin kariya in ba a wurin aiki ba. Ɗan ɓarɓashi ya shige masa idon hagu. Idon bai fita ba, amma ganinsa ya tafi. Likitan kamfani ya ce mai ido ɗaya ba ya iya auna nisa tsakanin ƙugiya da jirgi, kuma gaskiya ya faɗa. Aka sallame shi da agogon hannu da ɗan biki, aka ba wani kujerarsa.

Daga nan mutumin ya fara lalacewa a tsaye. Gidansu a bene na huɗu yake, barandar tana kallon tashar jiragen ruwa ta Midia, can yake wuni da kofin shayin da ya huce. Duk ranar da muka dawo tudu ina saukowa daga motar kamfani zan gan shi a tsallaken titi da jakar cefane wadda ba komai a ciki, wai kasuwa za shi hanya ta biyo da shi. Ba ya tambayar lafiyata. Florica yake tambaya: ana sa mata giris kuwa, sabon direban yana fizgar ta, nishin ya ƙaru? In na ce tana nan ƙalau sai ya ɓata rai, in na ce tana wahala nan ma ya ɓata rai. Tanti Smaranda ta ce barcin rana ma ba ya yi sai ya kunna fankar kicin, don ƙararta ta yi kama da janaretan dandamali. Wata rana da idona na gan shi a gindin bene yana nuna wa wata mata yadda za ta ajiye mota, da alamun hannunmu na aiki. Matar ba ta gane komai ba, ta ɗauka bara yake. Na juya na bi wata hanya don kada ya san na gani, raina ya ɓaci ƙwarai.

Tanti Smaranda ce ta samo mafita. Ta ji a bakin wata ƙawarta cewa ana neman sufetocin ƙugiyoyin teku, masu zuwa su duba su ce wannan ta yi aiki, wannan a tsayar da ita, kuma aikin ba ya buƙatar auna nisa, ido ɗaya mai kyau ya isa. Ta je da kanta cibiyar horarwa da ke bayan tashar Konstansa ta sa sunansa. Ta ce mini gara teku ta riƙa aron sa lokaci-lokaci da ya ƙare mata a baranda kamar tukunyar fure.

Ya shiga kwas ɗin da furfurarsa. Karatun ya ba shi wuya, musamman ƙa'idojin da aka rubuta da Turanci, amma ya haddace su: silin waya nawa ne in sun tsinke dole a jefar da igiyar ƙarfe, yadda ake gwada birki, yadda ake rataya jakar ruwa a gwada nauyi. Har wankan nan da kowa ke tsoro ya yi, wanda ake ɗaure mutum a kujera cikin kwatancin helikwafta, a nutsar da shi a ruwa, a kifa shi, a ce ya nemi taga ya fita. Ya fito yana amai yana dariya, ya ce da ruwan nan akwai gishiri da ya roƙi ƙari.

A jarrabawar aiki ya faɗi, kuma faɗuwar tasa ta tsofaffin direbobi ce. Akwai wata ƙugiya a filin cibiyar da malamai ke ɓoye wa aibu da gangan, a ce ɗalibi ya nemo. Nea Ilarie ya nemo su kaf. Sai dai duk wanda ya gano, hannunsa ke riga bakinsa. Ya ga noti ya kwance, ya zaro sifana daga aljihu ya ɗaure. Ya ga fil ya zame, ya mayar. Ya ga silin waya sun miƙe, ya kwantar da su ya shafe da giris. Sannan ya sauko yana goge hannu, ya ce wa malamar, Injiniya Ruxandra, ƙugiya lafiyarta ƙalau.

Ta ce, "Nea Ilarie, wa ya sa ka gyara?"

Ya ce, "To Madam, in ga abu ya kwance in bar shi?"

Ta ce, "Ka bar shi, ka ɗauki hotonsa, ka faɗa. Notin da ya kwance yau akwai abin da ya kwance shi, kuma gobe ba ka nan. Rufa mata asiri ka saba yi. Sufeto kuwa tona asiri ne aikinsa."

Daga can gidana ya zarce, yana huci. Matata ta soya shuberek, fanken nan namu mai nama a ciki, ya ci yana zagin makaranta da masu makaranta, wai mutum ya gyara abu a ce ya faɗi. Ya zaci zan taya shi. Ni kuwa ban taya shi ba. Na tambaye shi sau nawa ya shafe wa Florica irin wannan kafin sufeto ya zo. Ya yi murmushin jin daɗi, ya ce ba ya ƙirguwa.

Na ce, "To duk kayan nan da take ɗagawa, wa ke tsaye a ƙarƙashinsu?"

Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya daɗe yana kallon faranti, sannan ya ce wa matata abinci ya yi daɗi, ya tafi. Da lokacin sake jarrabawa ya zo, Tanti Smaranda ta laluba aljihunsa a bakin ƙofa ta ƙwace sifanar. Ya zagaya ƙugiyar nan hannuwansa a baya kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa, ya lissafa aibunta ɗaya bayan ɗaya, bai taɓa ko ɗaya ba. Aka ba shi satifiket.

Da farko ƙananan ƙugiyoyin jiragen da ke tasha aka riƙa tura shi dubawa. Bai yi ƙorafi ba, amma duk haɗuwarmu sai ya ce saura kaɗan layi ya zo kanmu. Da bazara kuwa layin ya zo. Kafin nan duk mun san abin da kamfani ya yanke: in Florica ta ci dubawa, za ta ci gaba da aiki, sufeto ya riƙa zuwa duk wata shida. In an same ta da babban aibu ba za a gyara ba, cire ta za a yi a kawo sabuwa daga waje, wadda masu ƙera ta ke turo nasu masu dubawa. Shi ma ya sani, don ni na gaya masa. Wato muddin ta tsira, ya sami hanyar zuwa teku sau biyu a shekara, wurin da ya fi so a duniya. In ta faɗi, zuwan nan shi ne na ƙarshe.

Da hantsi helikwafta ta sauke shi. Ya tsaya ya shaƙi iska, ƙamshin gishiri da man dizal, idonsa mai gani ya kawo ruwa, ya ce iska ce. Mai girki ya fito da cokali a hannu ya rungume shi. Ni aka haɗa shi da ni in riƙe masa kaya. Muka hau.

Ban taɓa ganin an duba ƙarfe da irin wannan tausayi ba. Ya naɗe tsumma a hannu ya bi igiyar ƙarfen taku-taku, ko sili ɗaya bai kama tsumman ba. Birki ya riƙe. Bakin maratayar kayan bai buɗe ba. Duk abin da ya wuce lafiya sai in ga kafaɗarsa ta sauka kaɗan. Ya ce, "Ka gani, Batatare? Tsohuwa ce, ba gawa ba." Har na fara yi masa lissafin abin da zai zo mana da shi daga tudu da kaka.

Sai ya ce a juya ta gabas da kaya. Direban ya juya, ta yi nishin nan nata. Ba wanda ya ɗaga kai, mun saba. Shi kuwa ya tsaya cak. Babu abin da ya tilasta masa ya bi ta kan nishin, sufetoci nawa suka ji shi suka wuce. Ya ce a sauke kaya a kashe inji, ya ce in biyo shi ƙasa wurin gindinta, inda aka yi mata walda da dandamali.

Mu biyu ne kawai a wurin, ruwa na bugun ƙafafun ƙarfe a ƙarƙashinmu. Ya kankare fenti, fentin da rabinsa da hannunsa ya shafa shi. Ya fesa jan ruwan gwaji, ya jira, ya goge tas, sannan ya fesa farar hoda a kai. In ƙarfe lafiya yake, farin zai zauna fari. Muka zuba ido. Can sai ga wani siririn jan layi yana fitowa cikin farin, yana tsawo, har ya kai tsawon tafin hannuna, ya bi waldar ya lanƙwasa.

Tsumman yana hannunsa na dama. Shafa ɗaya ta isa ta share layin. Na ga yatsunsa sun matse shi, na kau da kai ina kallon ruwa, don ban san abin da nake so ya yi ba.

Ya ce, "Batatare, gobe in jirgin kaya ya zo, wa ke ƙasa?"

Na ce, "Ni ne, Nea."

Ya miƙo mini tsumman ya ce in riƙe. Ya ciro kyamara ya ɗauki hoton layin, ya sa ma'auni ya sake ɗauka. Daga nan ya hau wurin makunnin wuta ya sauke shi, ya zaro jan kwaɗo daga jakarsa, irin wanda ba mai buɗewa sai wanda ya rufe, ya datse. Shugaban dandamali ya zo ya ga hoton, ya dafe kai, bai yi musu ba. An zuba wa Nea Ilarie miyar kifi da mamaliga, tuwon masararmu, ya ce ya ƙoshi. Abu ɗaya ya roƙa, a bar shi ya zauna a ɗakin gilashin kafin helikwafta ta dawo.

Na sauka na tsaya a wurina na kullum. Daga can ina hango shi zaune a kujerar, hannuwansa a kan sandunan da ba sa motsa komai, yana kallon teku ta gabas. Na bar shi ya kalla iya son ransa. Da na jiyo ƙarar helikwafta daga nesa, na ɗaga kai, na jira har ya dubo ni, na haɗa hannuwana biyu a ƙirji.

Na ga hannunsa ya tafi wurin odar ya danna, ya sake dannawa. Ba ta yi ƙara ba, wutarta na cikin kwaɗon da ya rufe.